Shi Aka Kira, Shi Ya Amsa

A gidan hayar da ke bayan kasuwar hatsi ta Ƙanƙara, inda ɗakuna suka yi layi biyu suna kallon juna, rijiya ɗaya a tsakiya, idan mace ta rikice a kan allurar ɗanta ba asibiti take zuwa tambaya ba. Ƙofar Barakatu take nufa. Za ta same ta durƙushe gaban kaskon awara, ta ce, "Barakatu, wai yanzu wacce ta rage wa wannan?" Barakatu za ta dubi yaron, ta tambayi watan da aka haife shi, ta juya awararta, sannan ta faɗa.

Ta san ta ranar haihuwa, wadda ake yi a damtse ta bar tabo, tsofaffi suna ce mata lamba. Ta san na cinya da ake jerawa kafin yaro ya fara zama, masu kawo ɗan zazzaɓi da kumburin ƙafa. Ta san ɗigon shan inna da ake bi gida-gida da shi, a shafa wa yaro baƙi a farce. Ta kuma san ta wata tara, ta ƙyanda, kuma a kan wannan ta fi yi wa mata naci, domin tsakaninta da sauran akwai tazara, a cikin tazarar nan ne uwa take sakankancewa.

Barakatu ba ta yi boko ba. A wajen awon ciki ta kwashi wannan sani. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwarsu, Malama Saudatu, takan tsaya gaban mata ta yi bayani kafin a fara awo, mata kuwa su yi ta hirarsu. Barakatu baƙuwa ce a garin a lokacin, ba ta da abokiyar hira, sai ta saurara.

An haife ta a wata ’yar unguwar manoma da ke bayan ’Yargoje, kuma ita ce ’yar fari. A gidansu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da Barakatu ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar can". In ta faɗi ta fasa gwiwa, uwar takan ga kamar tukunya na neman ƙonewa, ta juya baya, kakarta ce za ta taso ta ɗauke ta. In zazzaɓi ya kama ta, kaka ce mai jiƙo, kaka ce mai kwana da ita. Wannan bai taɓa sa Barakatu ta yi zaton ba a son ta ba. Ta lura tun da wuri cewa tsokar da ta fi girma kullum a kwanonta take faɗawa, kuma mai zuba miyar wani wuri take kallo lokacin da abin ke faruwa.

Tsarin yana tafiya daidai, saboda gidan cike yake da mutane. Abin da uwa ta kau da kai daga gare shi, akwai idanu goma da za su gani, kuma ba sai ta roƙa ba. Roƙon ma ai nuna damuwa ne.

Tana da ƙane mai bi mata, Almu, wanda ita ta yi goyonsa. Wata bazara baƙon dauro, wato ƙyanda, ya shigo unguwar. Ba a kiran sunansa gaba ɗaya, "baƙo" kawai ake cewa, cikin ladabi, kada ya ji ana maganarsa ya fusata. Ya sauka a gidaje da dama, da zai tafi ya tafi da Almu. Barakatu ta daɗe tana ɗaura zani a baya ta ji ba nauyi.

Ta auri Jabiru, ɗan unguwar da ke maƙwabtaka da tasu, mutum marar hayaniya da ta daɗe da sani a hanyar rafi. Damina biyu suka yi a gidan gandu. Daga nan zaman daji ya gagara. Aka fara kwana a gona saboda ’yan bindiga, daga baya gonar ma ta gagara, jama'a suka watse, wasu Faskari, wasu Funtuwa, iyayen Barakatu suka bi wani ɗan'uwa can gaba. Jabiru ya ɗauko matarsa mai ƙaramin ciki da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, suka kama ɗaki ɗaya da rumfa a Ƙanƙara. Ya sami aikin ɗinkin bakin buhu a kasuwar hatsi. Yini yake da basilla a hannu, amma in ya ga allurar asibiti sai ya tuna yana da wani uzuri a waje.

Da Barakatu ta sauka, namiji, aka raɗa masa Sanusi, sunan marigayi mahaifin Jabiru. Sai ƙofa ta rufu mata ta fuska biyu: ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan suruki. Ko da ba ta jin kunyar yaron, ba ta isa ta kama sunan uban mijinta ba. Ta riƙa ce masa "wancan". Jabiru, shi ma ɗansa na fari ne kuma sunan ubansa ne, ya riƙa ce masa "mutumin".

Muddin Iya tana nan, babu abin da ya ɓaci. Ranar Laraba ake riga-kafi a asibitin. Barakatu takan ce, tana kallon bango, "Gobe Laraba." Iya takan ce, "To." Da safe Iya ta saɓa jikanta, Barakatu ta biyo su a baya da jaka kamar wadda hanya ce kawai ta haɗa su. A asibiti mata kan tara katunan yara a kan tebur, Malama Saudatu ta riƙa ɗauka tana kiran sunan yaro da na ubansa. In ta ce, "Sanusi Jabiru," Iya ta miƙe. Barakatu tana can gindin dogonyaro tana nazarin tururuwa. Haka aka yi lamba, haka aka yi na cinya, ba wadda ta wuce shi.

Sai ’yar Iya da ke aure a Sabuwa ta haihu, haihuwa mai wuya. Iya ta tafi jego da niyyar dawowa bayan arba'in. Hanya ta lalace, direbobi suka riƙa jin tsoron ta, ita ma mai jegon jikin ya ƙi daɗi. Iya ta zauna. Wancan kuwa bai jira kowa ba, ya yi zama, ya yi rarrafe, ya cika wata tara a tsakiyar bazara, daidai lokacin da aka fara raɗe-raɗin cewa baƙo ya sauka a layin mahauta, layi biyu daga gidansu.

Babu wanda ya tambayi Barakatu komai. Duk gidan an ɗauka cewa a faɗin Ƙanƙara babu yaron da ya kai nata shan allura.

Ta fara gwada maƙwabciyarta Sumayya, haifaffiyar gari, mace mai kirki da saurin baki, wadda ke kiran nata ɗan farin da sunansa tun daga bakin rijiya, har ta sumbace shi a gaban mutane. Barakatu ta kai mata awara mai zafi, ta zauna, ta ce, "Akwai wani yaro cikin gidan nan da ya kai wata tara, ba a kai shi ba."

"Na sani," in ji Sumayya. "Na Sa'adiya ne. Matar nan sakacinta ya yi yawa. Bar ni da ita."

Kafin Barakatu ta sake wata dabara, Sumayya ta yafa mayafi ta nufi ɗakin ƙarshe. Aka yi cacar baki har ta kai ga ambaton iyaye. Daga baya ta tabbata Sa'adiya ma ba ta kai nata ba, kuma ta kai shi, don haushi. Wannan alheri ne, amma ba shi Barakatu ta je nema ba.

Sai ta gwada maigidan. Bayan ya dawo daga kasuwa ya ci tuwo, ta ce, "An ce baƙo ya sauka layin mahauta."

"Na ji. Allah ya kyauta."

"Amin. Wancan ya kai."

"Ya kai mi?"

"Wata tara."

Jabiru ya dubi mutumin, wanda ke ƙoƙarin cinye takalmin ubansa. "Ikon Allah," ya ce. "To a kai shi mana."

"Wa zai kai shi?"

"Da can wa ke kai shi?"

"Iya."

"To Iya tana Sabuwa."

"Shi na gani."

Can Jabiru ya ce, "Wurin nan na mata ne. In na shiga da mutumin a kafaɗa, gobe ba ni da bakin magana a kasuwa. Ke ki je mana, wa ya san ki?"

Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Gwaggo Suwaibatu ta san ta.

Gwaggo Suwaibatu ƙanwar marigayi Malam Sanusi ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma gudun hijira ya kawo ta Ƙanƙara, tana zaune wurin ɗanta a wata unguwa. Ba ta yarda da allura ba, amma ta yarda da layin allura: duk Laraba tana cikin rumfar asibitin da farantin dafaffiyar gyaɗa da kwaɗon zogale, ta kafa kujerarta inda take ganin mai shiga da mai fita. Duk macen da ta fito daga yankin ’Yargoje ta san ta, ta san uwarta, kuma abin da ta gani da hantsi kafin la'asar ya kai Faskari. Jaririn Barakatu kuwa "Yaya" take ce masa, har ta ɗan rusuna in za ta gaishe shi.

Duk da haka Laraba ta yi, Barakatu ta goya wancan ta tafi. Ta ajiye kati a kan tebur ba tare da ta dubi kowa ba, ta gaida Gwaggo har ƙasa.

"A'a, Yaya, kai ne da rana haka?" in ji Gwaggo. "Ina aka kai ka?"

"Rakiya muka yo," in ji Barakatu.

"To zamna nan kusa da ni, akwai inuwa."

Ta zauna. Malama Saudatu ta fito ta yi bayanin da ta saba, ta ƙara da cewa kwalbar ƙyanda mutum goma take ɗauka, in an fasa ta ba ta kwana, don haka duk wadda aka kira ta taso da sauri, ba ta da lokacin lallashi. Aka fara kira. Barakatu ta shirya a ranta cewa ba sai ta yi magana ba, miƙewa kawai za ta yi. Amma miƙewar ita ce maganar. An kira sunan surukinta haɗe da na mijinta, a gaban ƙanwar surukin, ita kuma ta tashi tsaye gaban mata ta ce ga ni, nawa ne. Uwarta ba ta taɓa yi ba. Kakarta ba ta taɓa yi ba.

"Sanusi Jabiru."

Gwaggo ta ɗaga kai. "Allah sarki. Wani ma ya yi wa Yaya takwara."

"Sanusi Jabiru."

Barakatu ta gyara zama.

"Maman Sanusi Jabiru. Ba ta nan? Mata ku riƙa ajiye kati kuna tafiya cefane." Malama ta jefa katin gefe ta ɗauki na gaba.

Da aka watse, Barakatu ta bi ta gefen tebur ta zare katinta. Ta sayi gyaɗa wurin Gwaggo don zaman ya sami dalili. A hanya ta wuce layin mahauta, ta ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar wani gida, maza zaune sun yi jugum. Ba ta tambaya ba. Ta ƙara ɗaure goyonta, ta ji nauyin yana nan.

Washegari ta yi abin da ya rage. Tunda Gwaggo ce katangar, to Gwaggo ta zama ƙofa: ita ce babba a dangin miji, ita ya kamata ta maye gurbin Iya. Barakatu ta je har gida, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta kewaya ta kewaya, sannan ta ce da Iya ce ke miƙa wancan a asibiti, yanzu kuwa ba ta nan.

"Au, jiya ke ce?" in ji Gwaggo. "To madalla da kika zamna. Ɗiyar mutunci ke nan. Da kin tashi da na ce ba uwarki ta haife ki ba."

"Gwaggo, baƙon yana kusa."

"Baƙo ai kowa sai ya sauke shi. In ya zo a sa yaro ɗaki, a rufe, a yi mashi ladabi, ya gama kwanakinshi ya tahi. Mu haka muka yi."

"Haka aka yi wa ƙanena."

"Kwana ne ya ƙare." Gwaggo ta karɓi yaron ta ɗora a cinya. "Ki ji nan, ɗiyata. Yayana har ya koma ga Allah allura ba ta taɓa jikinshi ba. Matarshi ta miƙa shi a bayan idona, wannan tsakaninsu ne. Amma ni ba zan ɗauki Yaya da hannuna in miƙa wa wata yarinya ta tsire shi ba. Mi zan ce mashi in mun haɗu?"

Yaya ya kama ɗankwalin ƙanwarsa ya ja.

Makon nan Barakatu ta ƙona awara fiye da yadda ta taɓa ƙonawa tun da ta fara sana'ar. Kowace safiya takan duba bayan kunnen wancan, inda ƙurajen ke fara fitowa, ta duba idanunsa ko sun yi ja, amma sai ta rufe ƙofa tukuna. Baƙon ya bar layin mahauta ya shigo layinsu, gida na uku daga nasu. Mata suka ci gaba da zuwa tambayarta wacce ta rage, tana ba su amsa daidai.

Laraba ta sake zagayowa. Labarin tabarmin layin mahauta ya cika rumfar asibiti fiye da kullum, har mata suna tsaye a rana. Barakatu ta ajiye kati. Gwaggo ta matsa mata wuri kusa da farantin gyaɗa, wannan karon ba ta tambayi ina aka kai Yaya ba. Ta dai ce, "Kin sake yo rakiya."

"Na sake, Gwaggo."

Barakatu ta kwance goyon ta ɗora shi a cinya. Malama Saudatu ta ce kwalaben da aka kawo mata ba su kai yawan matan da take gani ba, wadda ba ta samu ba sai wani makon, in an kawo. Aka yi ta kira, yara suna shiga da dariya suna fitowa da kuka. Rana ta take. Barakatu tana kallon hannun Malama, ta ga ta fasa kwalbar ƙarshe, ta ga ruwan yana raguwa.

"Sanusi Jabiru."

Gwaggo ta ci gaba da ƙulla gyaɗa a leda, amma kunnenta yana wajen.

"Sanusi Jabiru. Wannan ba shi ne na makon jiya ba? In ba ta nan yau ma, wallahi in ba wani."

Hannun Barakatu yana ƙarƙashin zani, kan cinyar wancan, inda tsoka ta fi taushi. Ta kama da yatsa biyu ta murɗa.

Yaron ya tsala ihun da ya sa kazar da ke kiwo a bakin rumfa ta tashi sama. Barakatu ta miƙe da shi, fuskarta ba yabo ba fallasa, kamar kowace mace da yaro ya dame ta za ta fita da shi waje. Hanyar waje kuwa ta gaban teburin Malama ta bi. Da ta zo daidai teburin sai ta tsaya.

"Wannan ne Sanusi Jabiru?" in ji Malama.

"Shi ya amsa."

Malama ta ɗago ta dube ta. "Barakatu? Ke ce? Ke da kike turo min mata? Ke ce uwarsa?"

"Haka suka ce."

"Su wa?"

"Mutanen gida."

Malama Saudatu ta yi shekaru tana aikin nan, ta ga masu ɓoye yara a ƙarƙashin gado da masu rantsuwa cewa maigida ya hana. Ta dubi katin, ta dubi matar, ta hango tsohuwar mai gyaɗa da ta daina ƙulla leda. "Ɗan fari ne?" ta tambaya, murya ƙasa. Barakatu ta dubi tebur. "To ai sai ki ce. Zauna. Uku ne yau, ta ƙyanda, ta shawara, ta sanƙarau. Rungume shi sosai, ki haɗa shi da ƙirjinki, ki danne hannun. Ba haka ba, kamar kin san shi."

Barakatu ta rungume shi kamar ta san shi, a gaban matan ’Yargoje da na Ƙanƙara. Ta ƙyanda ta shiga damtsen hagu. Yaron, da bai gama hucewa daga mintsini ba, ya ga abin ya wuce wasa. Da aka juya shi za a yi ta biyu, ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, hawaye shaɓe-shaɓe, yana neman bayani.

"To, to, Sanusi," in ji Barakatu. "Saura kaɗan."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Sai dai an yi rashin sa'a, duk sauran yaran rumfar lokacin suka zaɓa su ja numfashi.

Malama ta gama, ta rubuta a kati, ta ce a dawo da shi in ya cika wata goma sha biyar don ta biyu, ta kira na gaba. Barakatu ta goya ɗanta. Dole ta bi ta gaban Gwaggo, don jakarta tana can. Ta durƙusa ta ɗauka.

"Sannu Yaya," in ji Gwaggo, ba ta dubi uwar ba. "Sun tsire ka. Ni dai ba hannuna." Sannan ta ɗaga murya yadda na bayan rumfa za su ji. "A gaida gida, Maman Sanusi."

Kafin la'asar labari ya kai Faskari. Kafin Juma'a ya kai Sabuwa, domin Gwaggo da kanta ta sa ɗanta ya kira mata Iya a waya, ta zayyana mata komai, har da yadda aka kama sunan mijinta a bainar jama'a. Ɗan Gwaggon ne ya ba Jabiru labarin yadda hirar ta kaya. Iya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "An yi mashi allurar?" Gwaggo ta ce an yi, amma ba wannan ce maganar ba. Iya ta ce layin Sabuwa ba shi da kyau, ba ta jin sauran.

Jabiru bai ce wa matarsa komai a kan sunan ba. Ya dawo da tsire a takarda, ya ajiye kusa da ita, ya dubi rufin ɗaki ya ce, "An ce mutumin ya yi jarumta." Ta ce ita ma haka ta ji.

Matan ƙauyensu sun daɗe suna yi da ita. In ta shiga gidan suna sai wata ta ce, "Ku matsa wa ’yar birni," wata ta tambaye ta ko yanzu maigidan ma da sunansa take kiransa. Akwai waɗanda suka rage zuwa sayen awara. Mahaifiyarta, da labarin ya kai mata, an ce cewa ta yi yarinyar can dama tun tana ƙarama ba ta da haƙurin ciwon yara. Barakatu ta juya maganar nan a ranta ta kowace fuska, ba ta gano ko faɗa ba ce.

Matan gidan haya kuwa ba su gane cewa sunan gatse ne ba. Sun ji ana cewa Maman Sanusi, suka ga ya fi sauƙi, suka ɗauka. Yau in ka shiga gidan ka tambayi Barakatu, sai an yi tunani kafin a nuna maka ƙofa.

Baƙon bai shigo gidansu ba sai gab da faɗuwar ruwan farko. Ya sauka a ɗakin wasu mutanen Faskari da ba su daɗe da tarewa ba, masu ’yan mata biyu da ba a taɓa yi wa ko lamba ba. Barakatu ce ta matsa aka kai su asibiti, ta raka uwar, ta riƙe mata jaka. Babbar ta tashi. Ƙaramar ba ta tashi ba. Ɗakin yana kallon na Barakatu, rijiya ce kawai a tsakani, kuma wancan ya sha rarrafawa har bakin ƙofarsu. Ta ci gaba da duba bayan kunnensa har damina ta zauna. Ba abin da ya fito.

Gwaggo Suwaibatu ta zo ta’aziyya, ta biya ta ɗakin Barakatu, ta ɗauki yaron ta jujjuya shi, ta duba wuya da ciki. Ba ta ga komai ba.

"Ban yi mamaki ba," ta ce. "Yaya tun yana raye ba ya son baƙi."

Barakatu ta ce haka ne, Gwaggo.

Tun daga ranar allurar nan ba a sake jin sunan a bakin Barakatu ba. Wancan ne, har gobe. Da ya cika wata goma sha biyar ta kai shi asibiti ranar Laraba, ta ajiye kati, ta zauna kusa da farantin gyaɗa. Lokacin ya fara tafiya, irin ta ɗan kaciya, ƙafa a warwatse. Malama Saudatu ta ɗauki katin, ta ce, "Sanusi Jabiru." Barakatu ta sauke shi ƙasa, ta juya fuskarsa wajen tebur, ta ɗan tura shi da gwiwa. Ya tafi yana tangaɗi, yana dariya, don bai tuna wurin ba. Ita kuma ta bi bayansa da jaka.